Jinin Sadiya Ya Tsaya a Sama

Talata, bayan la'asar

To. Jan nan yana ƙiftawa, ke nan ya fara ɗauka.

Ni ce Aina'u. Tsohuwar wayar maigidan ce wannan, gilashinta ya tsage, ba layi a ciki, amma tana ɗaukar magana. Ba wanda zan tura wa. Ina so ne dai in faɗa a waje, don in na bar shi a ciki juyawa yake ta yi.

Yau mun je asibitin sha-ka-tafi ni da Amsa, maƙwabciyata, katanga ce kawai tsakaninmu. Ni da 'yata Sadiya a baya, ita da tata Humaira. Kusan tare muka haife su, duka sun fara tafiya suna faɗuwa. Jiya aka yi shela wai masu gwajin sikila sun zo daga Kano, kyauta ne.

Sikila. Na faɗa sau ɗaya, ya isa. Shi ya ɗauke mini ɗana na fari. Bayan ya tafi ne aka gwada mu, aka ce ni da maigidan kowa yana ɗauke da rabi. Ita Sadiya ba mu taɓa kai ta ba. Ba wanda ya hana. Ba mu dai kai ta ba.

Mai gwajin wata budurwa ce mai tabarau, Ummu Salma. Ta ce ita ba likita ba ce, su ne suka ƙera akwatin a makarantarsu. Akwatin bai fi sabulun wanki ba, waya ce maƙale a jikinsa. Kafin a taɓa kowa sai da ta tara mu a gindin darbejiya ta yi bayani. Ta ɗaga wasu ƙarafa biyu masu sheƙi, kowanne kamar dunƙulen magi. Ta ce maganaɗisu ne, wato mayen ƙarfe.

Gwaggo Kaltume mai daddawa ta ce, "Maye? Maye za ki ba jinin jikokinmu, 'yar nan?"

Ta ce, "Gwaggo, wannan ƙarfe kawai yake ci. Ki dai riƙe makullin ɗakinki da kyau."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba, Sadiya na jan ɗankwalina.

Ta ce kowanne fuska biyu gare shi. Ta wata fuskar rungume juna suke, in ka juya ɗaya kuma sai su ƙi juna. Ta ba Amsa ta haɗa su ta fuskar da ba sa so. Amsa ta matsa, ta cije leɓe, abin ya zille ya juya ya matse mata fatar yatsa. Ta ce, "Wayyo! Wannan ai ni da dangin mijina ne."

To wai a haka suke ɗaure su a cikin akwatin, suna ƙin juna, ɗaya sama ɗaya ƙasa, a bar 'yar kafa a tsakani. A kafar ake sa kwalba da wani ruwan magani. Duk abin da aka jefa a ruwan, ƙarfin mayen zai tura shi tsakiya, nauyinsa kuma ya ja shi ƙasa. Inda ƙarfin biyun ya zo ɗaya, nan zai tsaya. Ba ya nutsewa, ba ya tasowa. A rataye, ba igiya.

Ta nuna mana da wani babba da ta zo da shi don a gani da ido. Ta jefa ƙwayar gero biyu, ɗaya cikakkiya, ɗaya ƙwaro ya ci cikinta. Cikakkiyar ta sauka ta tsaya can ƙasa-ƙasa. Wadda ƙwaro ya ci ta tsaya a sama. Ta ce, "Kun gani? Ba girma yake dubawa ba, cika yake dubawa. Abin da ya cika ya danƙare, ƙasa. Marar cika, sama."

Mata suka ce ai wannan mun sani.

Sai aka shiga ciki. A tsira wa yaro yatsa, a ɗiga jinin a ruwan maganin, a zuƙe shi a wani siririn gilashi kamar tsinken tsintsiya, a toshe bakin da wani abu kamar danƙo, a zura tsakanin ƙarafan. A jira kamar a dafa shayi. Sannan wayar ta ɗauki hoto.

Na Humaira aka fara. Ina tsaye a bayan Ummu Salma ina jijjiga Sadiya, na ga fuskar wayar. Jan ya sauka ƙasa, ya yi faɗi, ya zauna daram.

Na Sadiya siririn layi ne kamar zaren ɗinki. Can sama.

Na ce, "Malama, yaya?"

Ta ce ba ta da izinin faɗa. Wai akwatin shi ma jarrabawa yake yi. Sun ɗibi wani jinin daban za a kai Kano a gwada a babban inji, in maganarsu ta zo ɗaya, sannan a gaya mana. Nan da mako biyu.

Ban sake tambaya ba. Sana'ata ƙwan zabi. Na san abin da yake tasowa.

Laraba, da hantsi

Na gwada ƙwan da aka kawo mini daga gidajen bayan rafi. Yadda nake yi kullum, ruwa a kwano, in saka su ɗaya-ɗaya. Mai kyau ya tafi ƙasa ya kwanta a gefensa. Wanda ya kwana biyu ya ɗan ɗaga kai. Baragurbi kuwa ko taɓa gindin kwanon ba ya yi, a sama yake yawo. Daga waje ba ka gane shi. Ɓawonsa lafiya lau, har ya fi wasu kyau.

Sadiya na zaune a tabarma tana cin ƙasa. Kumatunta lafiya lau.

Na ɗaura mata zare a wuyan hannu, sako-sako, yadda ɗan yatsana zai shiga. Ciwon wancan, na farin, da hannu ya fara, kumburi. Ran da yatsana ya ƙi shiga, na san an fara.

Laraba, magariba

Yatsana ya shiga.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Amsa ta shigo aron rariya. Rariya gare ta guda biyu, na sani. Kakanninta 'yan Barno ne amma a nan aka haife ta, turaren wuta kawai ya rage mata na can, shi take haɗa wa mijinta Kallamu yana kaiwa Ɗambatta. Ta zauna a bakin turmi ta ce, "Ke fa a bayanta kike tsaye ran nan."

Na ce eh.

Ta ce, "Kin ga wani abu. Na san ki. Tun ranar ko tsiyar miyata ba ki yi mini ba. Ni fa ba na barci, Aina'u. Ƙanen Kallamu da shi ya rasu, ban taɓa gaya miki ba."

Sai na ga ba amfanin mu biyu duka mu ƙi barci. Na ce mata, "Naki ya zauna a ƙasa. Ya yi faɗi, ya kwanta, kamar ƙwan da aka ɗauko yanzu a ƙarƙashin zabuwa."

Ta ce, "Ki rantse."

Na rantse.

Ta kifa goshinta a ƙasa nan tsakar gidana, a kan dusar da ban share ba. Ta tashi da dusa a goshi tana dariya tana hawaye. Sai ta tsaya. Ta ce, "Naki fa?"

Na ce tuwona zai kama.

Ta daɗe a zaune. Da za ta tafi ta manta rariyar.

Asabar, bayan azahar

Maigidan ya dawo daga gona, suna noman gero na farko, ciyawa ta yi yawa bana. Tun Talata ya tambaye ni me suka ce, na ce sai mako biyu, ya ce to. Bai ƙara ba.

Yau ya ɗauki Sadiya ya ɗora a gwiwa. Ya juya hannunta ya ga zaren. Ya san zaren. Ya sa babban yatsansa ya taɓa, ya ce, "Kin ga wani abu ne a can?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To."

Ya sauke ta a hankali kamar ƙwarya mai tsaga. Furar da na dama masa rabi ya sha, ya ce rana ce.

Lahadi, da sassafe

An tafi da ƙwan kasuwa. Na gwada su sau biyu, ban san dalili ba. Yatsana ya shiga.

Talata, da yamma

Amsa ta yi gumba ta raba wa yaran unguwa sadaka. Ina jin hayaniyarsu ta katanga. Can ta shigo da tawa a rufe da faifai, ta ajiye ba ta ce ta mece ce ba. Ta kawo mini turare ma, wanda take ɓoye wa kanta.

Ta ce, "Wallahi ba murna nake miki a fuska ba. Alkawari na yi wa Allah, dole in cika."

Na ce na sani. Na ci gumbar. Sukari ya ɗan yi yawa, na gaya mata, ta ce alhamdu lillahi bakinki ya dawo.

Humaira na bayanta, ba ta yarda a sauke ta ba. Amsa ta ce kwana biyun nan ba ta son taka ƙasa, in an tsayar da ita sai kuka. Ta juyo da ita ta ce, "Duba idonta, kamar ya yi ruwan ɗorawa ko? Ko shawara ce?"

Na ce, "Haƙori ne. Ai na ga naki da idona."

Ta ce haka ne.

Mako biyun bai cika ba tukuna. Yatsana ya shiga.

Alhamis, gab da azahar

Na ji an ce mai akwatin ta dawo, za ta gwada yaran ƙauyukan gabas. Na ɗauki ƙwai na ce zan kai wa malamar asibiti. Malamar ba ta ce in kawo ba.

Na tarar mutane ba su iso ba. Ummu Salma na tsugune tana cusa kwali a ƙarƙashin ƙafar tebur. Akwai wata 'yar kwalba a kan teburin, kumfa ɗaya ce a cikinta, wai sai kumfar ta tsaya tsakiya. Ta ce in teburin ya karkata jinin ma karkata yake, hoton ya yi ƙarya. Ta ce in riƙe mata gefen. Na riƙe.

Ta gane ni. Ta ce sakamako bai fito ba, injin Kano layi gare shi. Na ce ba shi ya kawo ni ba.

Akwatin a buɗe yake, na leƙa. Ba komai a ciki sai ƙarafan nan biyu, da ɗan gilashi mai kumburi kamar idon kifi, da 'yar fitila. Na ce, "Shi ke nan?"

Ta ce, "Shi ke nan. Amma kin san shekarun da muka yi kafin ya zama shi ke nan?"

Mai son magana ce in an tambaye ta aikinta. Ta ce na farko da kusar ƙarfe suka ɗaure, mayen ya fizge kusoshin, akwatin ya wargaje a hannun malaminsu a gaban baƙi. Yanzu roba ce da kusar tagulla, ita ba ya cin ta. Kafar da ke tsakani ma sai da suka yi ta gwadawa, in ta yi faɗi ba ƙarfi, in ta matse gilashin ya ƙi shiga. A Kano a ɗaki mai sanyi komai ya tafi daidai. Da suka fito ƙauye rana ta shiga ta wanke hotunan, sai ta kai wa tela ya ɗinka masa baƙar riga. Ta nuna mini rigar, har da maɓalli. Ruwan maganin kuma a kula yake zama da ƙanƙara, kamar zoɓo.

Ta ce abin da take so da shi, ba ya shan mai, ba ya jiran wuta, mayen ƙarfe ba ya gajiya. In ya ci jarrabawa, kowane ɗan asibiti irin namu zai ajiye nasa, uwa ba za ta jira Kano ba. Wai irinsa ma yana gane madarar da aka yi wa ruwa, da man da aka gauraya, har ƙwayar magani ta jabu.

Na ce, "Ƙwai fa?"

Ta ce, "Sai an ƙera mai girman randa. Kwanonki ya fi sauƙi."

Ta ce za ta sayi ƙwan. Ni ba na sayarwa ban gwada a gaban mai saye ba, na ari kwano. Ɗaya ya taso. Na tsame shi na ajiye gefe. Ta tafa hannu ta ce, "Kin gani? Ai aikinmu ɗaya ni da ke."

Na ce eh, na gani.

Ta karɓi Sadiya ta cilla ta sama ta cafe, ta ce, "Kai, wannan 'yar akwai ƙarfi. Maman Sadiya, ki dinga cin abinci mana." Tana kallona tana murmushi sosai.

Na san irin murmushin. Haka malaman babban asibiti suka dinga yi mana da wancan, daga ƙarshe-ƙarshe.

Tambayar tana bakina. Na goya 'yata na taho.

Asabar, da asuba

An kwana ana ruwa. Jikin Sadiya ya yi zafi.

Yatsana ya shiga. Na sake. Ya shiga.

Lahadi, bayan la'asar

Maigidan ya kai mu Ɗambatta a babur jiya, aka tsira mata yatsa aka ce zazzaɓin sauro ne, aka ba da magani. Yau ta sha kunu, ta fizge mini ɗan kunne. Wancan ma da zazzaɓi yake farawa wani lokacin. Na dai ba ta maganin.

Da sanyin safiya na ji kuka ta katanga. Humaira. Ba kukan yunwa ba ne, ba na rigima ba. Wani ne mai tsini, ya hau ya hau, ya yanke, ya dawo. Na san kukan nan daga wani wuri.

Na rufe taga. Ai na ga nata.

Talata, da azahar

Mako biyun ya cika. Ba su zo ba.

Laraba, da azahar

Ba su zo ba. Na ƙi sayen ƙwai yau, na ce wa matar bayan rafi kwanona ya ɓule.

Juma'a, da hantsi

Inna, mahaifiyar maigidan, ta same ni ina tsince wake. Ta zauna ta ja tiren gabanta tana taya ni. Ta ce, "Aina'u, kin rame. Muntaka ma ya daina cin abinci. Ku biyu kun zauna kuna makokin yarinya tana tsakar gida tana bin kaji."

Na ce ba makoki nake ba, Inna.

Ta ce, "To me kike? Rabon da in ji kin yi mata wasa tun yaushe? Ki ɗauke ta kamar kina ɗaukar kayan aro."

Na ci gaba da tsintar wake.

Ta ce damina ta zauna, safiya da sanyi, in buɗe akwatin ƙarƙashin gado in fito da rigar sanyin nan in sa mata. Na ce ta yi mata yawa. Ta ce a naɗe hannun. Na ce makullin ya ɓata.

Ta kalli wuyana. Makullin yana nan a igiya. Ta ce, "Allah ya sa a gan shi."

Kayan wancan ne a ciki. Rigar sanyi, safa, ɗan bargo, filas ɗin da nake ajiye ruwan ɗumi don gasa masa gaɓoɓi. Ran da na buɗe akwatin nan saboda Sadiya, to na yarda ke nan.

Yatsana ya shiga.

Litinin, bayan la'asar

Sun zo.

Bari in faɗa a jere.

Aka aiko da safe. Muka tafi ni da Amsa. A hanya ita take ta magana, wai in ya zama abin da muke tsoro ba ni kaɗai zan yi jinya ba, ita za ta dinga kwana da Sadiya in na gaji. Humaira na bayanta ta kwantar da kai, an naɗe mata ƙafa da tsumma, wai Kallamu ya samo man shafawa.

Benci a waje, ana kira ɗaya-ɗaya. Ni aka fara kira. Malamar asibiti ce a zaune da Ummu Salma a gefenta, akwatin na kan tebur cikin baƙar rigarsa.

Malamar ta ce, "Halimatu Sadiya Muntaka. Ba ta da shi. Rabi ne da ita irin naki da na babanta, ba zai sa ta ciwo ba. In ta girma dai a gwada wanda za ta aura."

Na ce a sake dubawa, ba nata ba ne.

Ta sake dubawa. Ta ce nata ne, injin Kano da akwatin bakinsu ɗaya.

Na ce, "Ni fa na gani. Ina bayanki. A sama ya tsaya, siriri."

Ummu Salma ta ce, "Eh mana. Ai shi ne."

Na ce shi ne me.

Ta ce, "Shi ne lafiya." Ta jawo kujerarta kusa. Ta ce ƙwayoyin jini masu lafiya da ruwansu a ciki, kusan duk nauyinsu ɗaya, shi ya sa suke jeruwa layi guda a sama. Na masu ciwon kuwa, in maganin da take ɗigawa ya taɓa su, sai su tsotse su lanƙwashe su danƙare. Sai su yi nauyi. Sai su yi ƙasa, su bazu.

Na ce, "Sama ne mai kyau?"

Ta ce, "A jini, eh."

Sai ta tsaya tana kallona. Ta cire tabarau. Ta ce, "Innalillahi. Gerona ne ko?"

Na ce da ƙwaina.

Ta ce, "Duk makonnin nan?" Na gyaɗa kai. Ta ce ba za ta ƙara jefa geron nan a gaban uwa ba sai ta faɗi wannan tukuna.

Ban ji daɗi ba a lokacin. Na ɗauka zan ji. Sadiya dai tana ta miƙa hannu za ta ɗauki akwatin. Can sai wani abu ya faɗo mini. Na ce, "To wanda ya yi ƙasa ya yi faɗi…"

Malamar ta ce, "Kowa nasa za a gaya masa."

 Ummu Salma kuwa ƙofa ta kalla.

Na fito. Ashe fuskata a jiƙe take, ban sani ba. Amsa ta gani ta miƙe ta rungume ni, da Humaira a bayanta da Sadiya a hannuna, mu huɗu. Ta ce a kunnena, "Yi haƙuri, 'yar uwa. Muna tare. Wallahi muna tare."

Na buɗe baki. Aka kira sunanta.

Ta gyara mayafi ta miƙo mini jakarta, ta ce, "Riƙe mini, yanzu zan fito."

Ta daɗe ba ta fito ba.

A hanyar dawowa ita ce a gaba, ni a baya. Ba ta karɓi jakar ba sai a ƙofar gidanta. Ba ta kalle ni ba.

Talata, bayan asuba

Jiya da na gaya wa maigidan sai ya zauna a ƙasa inda yake tsaye, da fartanya a hannu. Daga baya ya ci tuwo har ya nemi ƙari. Inna ta ce a yi sadaka. Na ce kar a yi a nan unguwar. Na gaya musu dalili. 

Da yamma aka yi yayyafi, Sadiya ta fita ta zauna a cikin taɓo tana bugawa da hannu biyu. Na bar ta. Na tsaya ina kallo har ta gaji don kanta. A nan ne na ɗan ji shi, daɗin. Ya zo ya taɓa ni ya koma.

Da nake rege shinkafar dare na ga abin da ya zauna a gindin ƙwarya. Tsakuwa. Kullum ina yi, kullum ita ce a ƙasa. Ban tuna ba.

Na ga ƙafar Humaira a naɗe. Na ga idonta. Na ji kukan. Ba wanda ya san su kamar ni a unguwar nan.

Na buɗe akwatin ƙarƙashin gado. Yana warin kafur. Rigar tana nan, safar, bargon. Filas ɗin na wanke na zuba ruwan ɗumi. Na san yadda ake gasawa, na san ruwan da za a dinga ɗura mata, na san ranar da ake zama a gida da ranar da ake neman babur ba jira. Malaman asibiti za su gaya wa Amsa nasu. Akwai wanda ba sa faɗa, sai wadda ta kwana da shi.

Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba yana da rai, kunya. Bayan ya tafi kuma ban iya ba. In ta tambaye ni kayan waye, dole in faɗa, gara in gwada a nan tukuna.

Muhammad Auwal.

Auwalu. Kayan Auwalu ne.

To.

Ban ji motsin Amsa ba tun jiya, ko turare ba ta kunna ba. Ban sani ba ko za ta amsa sallamata. In ba ta amsa ba zan zauna a zaure, ruwan ba zai huce da wuri ba.

Zaren ma na kwance daga hannun Sadiya. Ga shi a tafina. Zan nuna mata yadda ake ɗaurawa, sako-sako, yadda yatsa zai shiga.